Kwalbar Kan Rufin Ful-Caji

Duk wanda motarsa ta taɓa ƙin tashi da safe a layin nan ya san Ful-Caji mai gyaran batir. Shagonsa a jikin gidansa yake, ƙofa ɗaya ta raba su. A ciki batura ne jere kamar masu jiran likita, kowanne da waya a wuya. Ga jarkar asid a lungu, ga gwangwanin sodar da yake wanke kawunan batir da ita, ga kuma ma'auninsa rataye a ƙusa, wani dogon bututun gilashi mai roba a kai, wanda ake matsawa ya zuƙo ruwan batir a ga ƙarfinsa. Tun da ya sayi ma'aunin nan bai taɓa wanke shi ba. Ya ce wanki yana rage masa basira.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ka tambaye shi lafiya, "Ful caji!" Ka tambaye shi iyali, "Ful caji!" Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ma, da aka je dubiya, daga cikin bargo ya ce ful caji. Makaranta kuwa a aji huɗu ya bar ta, kuma a faɗarsa ba kasawa ya yi ba, lura ya yi malamai sun fara maimaita kansu. In aka yi maganar takardar shaida sai ya miƙe ya nuna wandonsa, wanda asid ya huda kamar rariya.

"Ga digirina nan. Kowace huda shekara guda ce."

Wata rana 'yarsa Auta, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare, ta dawo gida da kwali a ka. Ta sauke a tsakar gida ta fara fito da kaya: kwalabe huɗu, mazurarai huɗu, littafi mai layi-layi, da wani ɗan akwati cike da siraran takardu.

"Sana'a za ki fara?" in ji Ful-Caji.

"Bincike ne, Baba. Malamar Kimiyya ta raba mana aiki. Ni ruwan sama zan auna, mako shida. Hayaƙin motoci da injuna yana tashi sama ya haɗu da girgije, sai ruwan ya sauko da tsami. Asid ke nan."

Kunnen Ful-Caji ya motsa. "Me kika ce?"

"Asid, Baba. Amma ɗan kaɗan ne, ba irin naka ba. Za a tsoma wannan takardar, ta canza launi, a duba lamba a jikin kati. Bakwai ruwa ne zalla. Ruwan sama na yau da kullum tsakanin biyar da shida yake. In ya yi ƙasa da biyar, to hayaƙi ya yi yawa. Ranar baje koli wata Dakta za ta zo daga jami'a. Wanda aikinsa ya fi kyau za ta ɗauke shi ɗakin gwaje-gwajensu duk hutun nan. Mutum ɗaya tak. Mu talatin ne."

"An ɗauke ki an gama. Asid fa aka ce. A gidan nan asid ke gaishe ni da safe. Amma takarda? Da takarda za a auna asid? Haba. Malamar taku ta taɓa ƙona wando kuwa?"

"Baba, don Allah abu ɗaya nake roƙo. Kada kowa ya taɓa kwalbar."

Maman Auta, wadda ke tankaɗe a bakin madafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Da 'kowa' ɗin nan mutum ɗaya take nufi."

Auta ta kafa kwalabenta. Ɗaya a filin makaranta, ɗaya a bayan gidan burodin da ke ƙarshen layi, ɗaya a bakin babbar hanya inda manyan motoci ke tsayawa, ta huɗu a kan rufin shagon babanta, wanda shafaffen siminti ne, ana hawa da tsani. Da ruwa ya ɗauke takan fara zuwa na nesa kafin wani ya yi ƙwallo da su, ta bar ta gida a ƙarshe, don a ganinta nan ne babu abin tsoro.

Ruwan farko ya sauka da hantsi. Yana ɗaukewa Auta ta fita da gudu. Ful-Caji ya dubi tsani, ya dubi ma'auninsa a ƙusa. Yarinya ta ce kada a taɓa, gaskiya ne. Amma aunawa ai ba taɓawa ba ce. Likita in ya sa maka ma'aunin zafi a hammata, dukanka ya yi?

Ya hau. Ya cire mazurari, ya zura ma'aunin da bai fi minti goma da fitowa daga batirin wata tirela ba, ya matsa roba, ruwa ya hau. Ɗan gilashin da ke ciki ya nutse ƙasa kamar dutse, alamar babu komai. Ful-Caji ya gyaɗa kai.

"Jariri ne tukuna. Ma'aunina manya yake aunawa."

Da yake mutum ne mai amana, bai zubar da ruwan yarinya ba. Ya matse shi ya koma cikin kwalba. Ya sake zuƙowa don tabbatarwa, ya sake mayarwa. Sau uku. Ya mayar da mazurari, ya sauko, ya zauna yana fito.

Auta ta dawo ta jera kwalabe a kan tebur. Ta makaranta, biyar da rabi. Ta gidan burodi, biyar da 'yan kai. Ta bakin hanya, ƙasa da biyar kaɗan. Ta tsoma takarda a ta gida. Takardar ta yi ja wur kamar an yanka kaza.

"Biyu?" Auta ta sake tsoma wata. "Biyu! Wannan ai ba zai yiwu ba."

"Biyu ta fi biyar ko?" in ji Ful-Caji, yana leƙe ta kafaɗarta.

"Ta fi ta tsami nesa ba kusa ba. Baba, ka taɓa kwalbata?"

"Ni? Taɓawa? Allah ya kiyaye." Ya dafa ƙirji, kuma har zuciyarsa gaskiya ya faɗa.

Bai jira an gama rubutu ba. Ya fita rumfar shago, inda maƙwabtansa ke zama a benci: Tela mai sanƙo, Mai Wanki, da Direban bas ɗin makarantar su Auta.

"Jama'a, ku matso. Abin da zan faɗa muku ko hukuma ba ta sani ba tukuna."

"To yi sauri kafin ta sani," in ji Tela.

"Sama ta lalace. Asid take zubarwa. Mun auna, ni da 'yata. Lamba biyu. Saura taki ɗaya ta zama ruwan batir."

Aka yi dariya. Ful-Caji ya ciro jar takardar daga aljihu ya ɗaga. Dariya ta ragu.

"Ku dubi kwanon rufinku, me ya ci shi? Ku dubi fentin bas ɗin nan. Kai Tela, yaushe gashinka ya fara tafiya?"

Tela ya shafa kai a hankali. "Da damina ne kam."

"Ka ji!"

"Shekara ashirin ina ɗora wa kakana laifi," in ji Tela. "Ashe bawan Allah ba shi da hannu."

Idon Mai Wanki ya yi haske. Da safiyar nan ya manta dutsen guga a kan farar rigar Shugaban makaranta, ya huda ta a baya, kuma tun lokacin yake neman wanda zai ɗora wa. Abin nema ya samu.

"Ful-Caji, wannan ruwan yana cin tufafi a kan igiya?"

"Tufafi? Ƙarfe ma yake ci, balle auduga."

"Alhamdu lillahi," in ji Mai Wanki. "Wato, innalillahi."

Kafin mako ya zagayo, babu laifin da ya rage a layin nan da ba na ruwan sama ba. Wadda miyarta ta yi tsami, ruwan sama. Wanda akuyarsa ta rame, ruwan sama. Tela ya daina fita in hadari ya haɗo sai da kwanon silba kife a ka, ɗaure da tsumma a haɓa, don ya ceci 'yan gashin da suka rage masa a ƙeya. Ruwa ya sake sauka sau biyu, Ful-Caji ya sake hawa tsani sau biyu don tabbatarwa, takarda ta sake yin ja sau biyu. Auta ta rame. Babanta ya yi ƙiba.

"To daga ina asid ɗin yake zuwa?" Direba ya tambaya.

Ful-Caji ya juya a hankali kamar mai neman alƙibla, ya tsayar da yatsa a kan bututun hayaƙin gidan burodi.

Aka ɗunguma. Mai Burodi ya fito da fulawa har gira, ya tarar da rabin layi a ƙofarsa, Tela da kwanonsa a sahun gaba.

"Lafiya? Burodi ya ƙare, sai an jima."

"Ba burodi ya kawo mu ba," in ji Ful-Caji. "Hayaƙinka ya hau sama ya ɓata girgije. Ka rage wuta."

"In rage wuta? Da me zan gasa, da addu'a?"

"Ka dubi kan mutumin nan. Tela, buɗe masa."

Tela ya ɗaga kwano.

"Tun muna yara kan Tela haka yake," in ji Mai Burodi. "A kansa muke duba fuska in za mu makaranta."

Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mai Burodi ya rage wuta. Washegari burodi ya fito fari fat, cikinsa ɗanye, yana mannewa a dasashi. Mutanen da suka je ƙofarsa jiya su ne suka koma yau suna tambayarsa ko ya manta sana'arsa ne.

A nan ne babbar dabara ta faɗo wa Ful-Caji. Yana zaune yana kallon jarkar asid ɗinsa da ta kusa ƙarewa, sai ya buga cinya. Shekara talatin yana hawa mota zuwa wani gari ɗauko asid, alhali ga masana'anta Allah ya buɗe masa a kan rufi! Da hadari ya haɗo ya shiga madafa ya kwashe tukwane, da kwanoni, da bahon wanka, har da butar shayi, ya jera a tsakar gida.

"Baban Auta, da me zan yi girki?"

"Mace, arziki na sauka kina maganar girki. Nan da shekara sai dai ki sa a girka miki."

"In asid ne ai zai huda mini tukwane."

"Ba zai huda ba."

"To in ba zai huda tukunya ba, ta yaya zai tayar da mota?"

Ful-Caji ya dube ta da tausayi. "Shi ya sa ba a ba ku ma'auni ba."

Direba ne ya fara cin gajiyar. Ya kawo sabon batir busasshe a zuba masa asid. Ful-Caji ya cika shi da ruwan babbar tukunya, ya ce na sama ne, sabo fil, bai taɓa shiga jarka ba. Ya jona shi a caji yini guda. Washegari da safe aka ɗaura a bas. Direba ya murɗa makulli. Bas ta ce ƙyas. Ya sake murɗawa. Ko ƙyas ɗin ma ba ta ƙara cewa ba. 'Yan makaranta ashirin da fararen kaya suka sauko suka tura ta har gangaren kasuwa kafin ta yi tari ta tashi.

"Ful-Caji, wane irin batir ka haɗa mini?"

"Batir lafiya lau yake. Ruwan ne bai nuna ba. Ka manta an sa Mai Burodi ya rage wuta? Girgije bai samu abinci ba. Ka riƙa ajiye ta a gangare kwana biyu, zan gyara sama."

Da azahar ya zagaya ta ƙofar baya ta gidan burodi, yana mirgina tsohuwar taya.

"Ɗan'uwa, an yi maka rashin adalci, kuma ni ne na farko da zan faɗa. Ka mayar da wutarka. Ka ma ƙara. Ga wannan ka jefa a ciki, tana da hayaƙi mai kyau."

Mai Burodi ya dube shi, ya dubi taya. Ya juya ya ɗauko dogon katakon da yake fito da burodi daga tanda. Waɗanda suka ga Ful-Caji ya fito daga lungun sun ce tayar ce ta riga shi isa gida, amma da ƙyar.

Ya shigo yana haki ya tarar da Auta zaune a bakin ƙofar ɗaki, littafi a cinya, ido ya yi ja.

"Wa ya taɓa ki?"

"Malama ta ce lambobin gida ƙirƙirarsu na yi. Ta ce ko a cikin bututun masana'anta ruwan sama ba ya kai biyu. Ta ce in ban kawo bayani ba kafin baje koli, ba za a ma duba aikina ba. Mako huɗu, Baba. Duk ruwan da aka yi a kaina ya ƙare."

Ful-Caji ya kau da kai. Duk surutunsa, hawayen Auta ba ya iya kallonsu. Ya zauna ya yi tunani irin na masana. Malama ta ce asid ya yi yawa. To mene ne maganin asid in ya yi yawa? Wannan ko a barci aka tashe shi zai faɗa.

Ruwa na gaba yana ɗaukewa ya hau tsani da ma'auni a hannu ɗaya, gwangwanin soda a ɗaya. Ya auna don tabbatarwa. Sannan ya zuba soda cokali guda. Kwalba ta yi kumfa ta lafa. Ya ƙara rabin cokali saboda halin Malama.

Auta ta tsoma takarda. Takarda ta yi shuɗi kamar an rina ta.

"Tara," ta ce a hankali.

"Kin gani? Ta wuce bakwai ɗin ma. Yanzu sai Malama ta kawo wani ƙorafin."

"Jiya sama tana zubar da asid, yau tana zubar da sabulu," in ji Maman Auta. Ta zo ta ɗauki mazurari ta juya shi, ta shafa bakinsa da yatsa, ta dubi farar hodar da ta manne mata. Ta dubi mijinta. Mijinta ya dubi sama, kamar mai duba ko za a ƙara. "Auta, taso mu shiga ciki. Ruwa ba ya tsami banza."

Daga ranar Auta ta daina kuka. Ta sake tambayarsa sau ɗaya ko yana taɓa kwalbar, ya sake rantsuwa, ta ce to. Sai dai ta koma yi masa wasu tambayoyi, da ladabi ƙwarai. Baba, yau batir nawa ka auna da safe? Baba, na tirela ne ko na ƙaramar mota? Duk abin da ya faɗa sai ta rubuta. Ful-Caji ya gaya wa 'yan benci cewa yarinya ta gane inda ilimi yake, yanzu daga bakinsa take kwasa.

Ranar baje koli aka yi layin nan kaf a zauren taron makaranta, don Ful-Caji ya yi musu alkawarin za a kira sunansa a lasifika. Shi ya zo da rigar ruwa har ƙasa, ma'auni a soke a aljihun gaba kamar alƙalamin babban ma'aikaci. Tela da kwanonsa, saboda akwai hadari. Mai Wanki ya zauna can baya, nesa da Shugaban makaranta. Mai Burodi ya zo shi ma, ya harɗe hannu a bakin ƙofa. Bas tana waje a kan gangare, da dutse a gaban taya.

Dakta dattijuwa ce 'yar firit, mai tabarau a kan hanci, ba ta da yawan magana. Ta duba mai injin ban-ruwa na kwali, ta duba mai fitilar lemon tsami, har ta iso teburin Auta.

Auta ta buɗe babbar takarda mai zane. Ta nuna layin makaranta, ta nuna na gidan burodi, duk suna tsakanin biyar da shida. Ta nuna na bakin hanya, wanda ke sauka ƙasa da biyar duk ranar da manyan motoci suka yi dogon layi injinsu na kunne.

"Wato gidan burodi ba shi ne ba?" in ji Dakta.

"Ba shi ba ne."

"A maimaita!" in ji Mai Burodi daga ƙofa. "A lasifika!"

"Wannan fa?" Dakta ta ɗora yatsa a kan wani layi da ke hawa da sauka kamar akuyar da ta sha fetur. "Biyu, biyu, biyu, tara, biyu, uku, biyu."

"Kwalbar rufin gidanmu ce. Da na ga haka sai na ɓoye kwalba ta biyu a rufin, bayan tankin ruwa. Mako biyu ina auna su tare. Ta ɓoye kullum biyar da rabi take bayarwa. Ruwa ɗaya ne, rufi ɗaya. Saboda haka ba daga sama ba ne. Wani abu ne ke shiga kwalbar farko bayan ruwa ya ɗauke."

"Madalla. Mene ne shi?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"'Yata, kin yi rabin aiki mai kyau. Amma mai bincike ba ya cewa 'wani abu'. In kin sani ki faɗa. In ba ki sani ba, ba ni da yadda zan bambanta wannan da lambobin da aka zauna aka rubuta."

Auta ta dubi littafinta, inda ta rubuta komai rana-rana. Ta saci kallon babanta, ga shi a sahun gaba ya baje rigar ruwa, maƙwabta kewaye da shi. Ta rufe littafin.

"Ban sani ba," ta ce.

Dakta ta yi ajiyar zuciya, ta ɗaga alƙalami za ta wuce.

Ful-Caji bai fahimci duk abin da ake ciki ba, amma ya fahimci abu biyu: ana zargin kwalbarsa, kuma har yanzu ba a kira sunansa ba. Ya miƙe zumbur.

"Dakata, Hajiya Dakta! Wace kwalba ake ƙaryatawa? Ta gaba? Wadda ni da kaina nake aunawa?"

"Baba, zauna," in ji Auta.

"Ba zan zauna ba. Kunya ce ta hana yarinya faɗa, kada a ce an taimaka mata. Duk ruwan da aka yi a mako shidan nan, babu wanda ban hau na tabbatar da shi ba kafin ta taɓa. Sau uku-uku! Ita ta bayan tanki wa ya duba ta? Babu! Kwalba marar mai kula ita za a yarda da ita?"

Dakta ta sauke alƙalami. Ta gyara tabarau. "Da me kake aunawa, Malam?"

Ya zare ma'auni ya ɗaga sama yadda na baya za su gani. "Shekara talatin. Ko sau ɗaya ruwan wanki bai taɓa shi ba."

"Ko za ka nuna mana yadda kake yi?"

Wannan ita ce ranar da ya daɗe yana jira. Dakta ta sa aka kawo kofin gilashi da tataccen ruwa. Ta tsoma takarda a gaban kowa, ta nuna: kore-kore, lafiya lau. Ful-Caji ya naɗe hannun riga. Ya zura, ya zuƙa, ya mayar. Ya zuƙa, ya mayar. A na uku har da juya wuyan hannu don ado.

"Auta, bismilla," in ji Dakta.

Auta ta tsoma takarda ta ɗago. Ja wur.

Ful-Caji ya juya ga jama'a da murmushi. "Kun gani? Har cikin ɗaki ya fara shigo—"

Bai ƙarasa ba. Dariya ta fara daga 'yan aji ɗaya, ta bi sahu-sahu har ta kai ƙofa, inda Mai Burodi ya durƙusa yana dukan ƙasa. Ful-Caji ya dubi kofi. Ya dubi ma'auni. Ya dubi kofi.

"Ranar tara ɗin fa?" in ji Dakta, tana goge ido da gefen mayafi.

"Soda," in ji Maman Auta daga sahun mata. "Cokali ɗaya da rabi. Cokalina ne ma."

Tela ya kwance tsumma, ya sauke kwano a hankali ya ɗora a cinya. "Wato dai kakana ne."

"Ruwan tukunya ka zuba mini a sabon batir?" Direba ya taso. "Mako uku ina kwana a gangare!"

Shugaban makaranta ya juya yana neman wani a bayan zaure. "Ina Mai Wanki? Dama ina ta mamakin ruwan saman da ke huda riga da siffar dutsen guga." Kujerar Mai Wanki babu kowa, sai takalmi wari ɗaya.

Dakta ta karɓi littafin Auta ta buɗe. Ta ga kwanan wata, da lamba, da wani layi na musamman a gefe: batir nawa Baba ya auna, na tirela ko na ƙaramar mota. Ranakun tirela lamba biyu take fitowa, ranar ƙaramar mota lamba uku. Ta daɗe tana dubawa.

"Kin sani ashe."

"Babana ne," in ji Auta.

"Na gane. Amma a ɗakin gwajinmu ko ni ce na ɓata miki kwalba, ki rubuta sunana. Kin ji?" Ta rufe littafin ta miƙa mata. "Aikinmu ke nan, a bi gurɓata har a gano inda take fitowa. Wasu sai sun yi shekara goma. Ke a gida kika same ta tana shan shayi. Ki zo ranar farko ta hutu, ƙarfe takwas." Ta ɗauki alƙalami, ta je kan layin nan mai hawa da sauka, ta rubuta a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe: BABA.

Ana fitowa hadari ya saki. Direba ya shiga bas, ya ɗebi Auta da mamanta, da Tela, da Mai Burodi, har da Dakta da za a sauke a tasha. Sai dai wani ya janye dutsen tun ana taro, bas ta gangara da kanta ta tsaya a kwari, inda babu sauran gangare. Direba ya leƙo ta taga.

"Ful-Caji! Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Koma baya. Rigar ruwan kuma miƙo wa Dakta, tagar wajenta ba ta rufuwa."

Ya cire ya miƙa. Ya kafa kafaɗa a bayan bas, ruwa na dukansa, yana shiga ta hudojin digirinsa yana fita. Ya tura, bas ta motsa kaɗan. Mai Burodi ya buɗe tagar baya.

"Yaya ƙarfi, Farfesa?"

"Ful caji," in ji shi, yana nishi. "Kai kuma ka daina washe baki. Wurare huɗu aka auna. Kai da bututunka da itacenka, biyar da 'yan kai. Manyan motoci ɗari, ko huɗu ba su kai ba. Ni kaɗai, da hannu ɗaya, biyu. Sunan wa Dakta ta rubuta?"

Ruwa ya gangaro masa daga goshi zuwa leɓe. Ya lasa, ya ɗan juya shi a baki, ya tofar.

"Salam yake, ba tsami," ya ce. "Ko kusa bai kai nawa ba."